Mai Son Barin Taba Ya Je Asibiti

Yau kafin mu buɗe littafi, muna da magana a kan taba.

Da yawa cikinmu sun taɓa rantsewa sun bar sigari. Kwana biyu, kwana uku, sai ga su sun koma wurin mai tebur. Sai mutane su ce ba su da zuciya. To, ba haka ba ne. A cikin taba akwai wani dafi, sunansa nikotin. In mutum ya zuƙi hayaƙi, kafin ya ƙirga 20 dafin ya kai ƙwaƙwalwa. Da haka jiki yake sabawa. Ran da ya rasa, sai ciwon kai, da saurin fushi, da rashin barci. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani.

Mu yi lissafi. Mai shan kara 10 a rana, a shekara ya sha kara 3,650. Kowa ya buga kuɗinsu, ya ga taki nawa ya ƙone. Wannan hasarar aljihu ce kawai, ta jiki ta fi ta. Tun 1950 masana a Ingila suka nuna sigari yana kawo ciwon dajin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Cikinsu har da mata da yara da ba su taɓa sha ba, hayaƙin maigida kawai suke shaƙa. A nan Nijeriya, dokar 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba.

To, yaya za mu yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu tafi ƙaramin asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gwarzo. Mu gaya wa malamin asibiti gaskiya: kara nawa muke sha a rana, kuma tun yaushe. Kada mu rage don kunya. Wanda ya yi mako 2 yana tari, ya nemi a auna majinarsa saboda tarin fuka. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati.

Akwai magungunan da ke rage ƙishirwar taba: na taunawa kamar cingam, da na liƙawa a fata, da ƙwayoyi. Likita ne zai faɗi wanda ya dace da mutum, da inda zai samu. Kada mu saya a hannun mai talla ran kasuwa.

Mu tsai da ranar bari, mu gaya wa iyali. Makon farko shi ne mai wuya, daga nan sai sauƙi ya riƙa zuwa. In marmari ya taso, mu sha ruwa, ko mu sa asawaki a baki. Ba ya daɗewa zai wuce. Ai da azumi muna wuni ba mu sha ba. Wanda ya yi shekara guda bai sha ba, haɗarin ciwon zuciyarsa ya ragu da kusan rabi.

Wanda ya bari ya sake komawa, kada mu yi masa dariya. Mu raka shi wurin likita, ya sake farawa.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir. Mai sha ya rubuta ranar da zai je asibiti. Wanda ba ya sha ya rubuta sunan wanda zai raka. Allah ya ba mu lafiya, amin.