DOKI DA YARO MAI NAƘASA: AIKI NE NA MUTUM UKU

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ɗaliban azuzuwan manya da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na Dugabau da kewaye, a Ƙaramar Hukumar Kabo.

 

Maganar yau a kan doki take. Ba a koya wa mutumin ƙasar Kano darajar doki. Ranar sallah kowa ya san yadda ake yi masa ado, a ɗaura sirdi, a sa linzami, mahaya su fito ana kiɗa ana busa. Hawan sallar Kano ya yi suna har Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024.

Amma a ranar hawan nan akwai yaron da ba ya fita kallo. Yana kwance a ɗaki, ko yana zaune a zaure, yana jin haniniyar dawaki daga nesa. Ƙafarsa ta shanye, ko kuwa jikinsa ba ya biye masa. To, dokin nan da ake yi wa ado yana da wani aiki da zai iya yi wa wannan yaro. Sai dai doki shi kaɗai ba zai iya ba. Sai an sami mutane masu sa kai.

SU WANE NE YARAN NAN?

Kashi na farko su ne waɗanda shan-inna ta taɓa. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba iska ba, ba aljani ba. A Jihar Kano, yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014. A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an raba Afirka da ita. Duk da haka ba a daina ɗiga wa yara maganin rigakafi ba, domin akwai wani nau'i nata da ke ɓulla a inda aka yi sakaci.

Kashi na biyu su ne suka fi yawa a yanzu. Su ne yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko suna jarirai. Doguwar naƙuda tana kawo haka. Shawarar jarirai mai tsanani tana kawo haka. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa kai su ma suna kawowa. Za a ga yaro ya shekara 2 wuyansa bai tsaya ba, ko ya shekara 4 bai iya zama ba, gaɓoɓinsa sun sanƙare. Wasu sai su ce ɗan ruwa ne. Ba ɗan ruwa ba ne. Ɗa ne kamar kowane ɗa, ciwo ne ya same shi.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

A ƙasar Denmak an yi wata mata mai suna Lis Hartel, gwanar hawan doki. A 1944 shan-inna ta kama ta tana da shekara 23, tana kuma ɗauke da ciki. Ƙafafunta suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba ta karaya ba. Ta riƙa motsa jiki a hankali har ta koma kan doki. Sai an ɗora ta, sai kuma an sauke ta. Amma a 1952, a wasannin Olamfik na birnin Helsinki, ta yi takara da maza masu cikakkiyar lafiya, ta zo ta biyu a duniya. A 1956 ta sake zuwa ta biyu a birnin Stockholm.

Wannan ya sa likitoci suka fara tambaya: in doki ya taimaki wannan mata, me zai hana ya taimaki yara? A 1969 aka kafa ƙungiyar hawan doki domin naƙasassu a Ingila, wadda ake kira RDA. A shekarar ne kuma aka kafa irinta a Amurka. A nan Afirka ma an kafa wata a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a 1973. Abin lura shi ne, dubban 'yan sa kai ne ke riƙe da waɗannan ƙungiyoyi. Ba albashi ake biyansu ba.

YADDA DOKI KE TAIMAKAWA

Duk wanda ya taɓa hawa ya san cewa in doki na tafiya a hankali, ƙugun mahayi yana motsi. Ya yi gaba, ya yi baya, ya karkata dama, ya karkata hagu. Wannan motsi ya yi kama da motsin ƙugun mutum in yana tafiya da ƙafarsa. Ashe ke nan yaron da bai taɓa takawa ba, in ya hau doki, jikinsa zai ɗanɗana yadda tafiya take.

Na biyu, kowane taku da doki ya yi, sai yaro ya ɗan gyara zama don kada ya zame. A cikin rabin awa zai yi wannan gyara sau da yawa ba tare da ya sani ba. Ta haka naman bayansa da na cikinsa da na wuyansa ke ƙara ƙarfi.

Na uku, jikin doki ya ɗan fi na mutum ɗumi. Ɗumin nan da lilon tafiyar suna sa gaɓoɓin da suka sanƙare su ɗan saki.

Na huɗu kuwa a zuciya yake. Yaron da kullum yana ƙasa, kullum shi ke ɗaga kai ya dubi mutane, yau ga shi a sama, tsaransa ne ke ɗaga kai su dube shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro, ba kuma ƙaramin abu ba ne ga uwarsa.

A FARA DA ASIBITI

A nan sai a saurara da kyau. Hawan doki ba ya warkar da naƙasa. Ƙafar da shan-inna ta shanye ba za ta dawo ba don an hau doki. Abin da hawa ke yi shi ne ƙarfafa abin da ya rage. Duk wanda ya ce yana da dokin da ke warkar da gurgu, a biya shi kuɗi, macuci ne.

Kuma ba kowane yaro ne ya dace ya hau ba. Kada a ɗora yaro mai farfaɗiyar da magani bai tsayar ba. Kada a ɗora wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, ko wanda ƙashinsa ke saurin karyewa, ko mai gyambo a mazauni, ko wanda bai iya riƙe kansa ko kaɗan. Akwai kuma yaran da ƙashin wuyansu ba shi da ƙwari, ba a gane haka sai likita ya duba. Yaron da bai kai shekara 4 ba, a dakata masa.

Saboda haka matakin farko shi ne asibiti. A kai yaro Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin da ya fi kusa, a nemi a tura shi wurin likitan gashin ƙashi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A gaya wa likita abin da ake nufin yi. In ya yarda, a yi. In ya hana, a bari. Ya fi kyau a roƙi ma'aikacin gashi ya zo da kansa ya nuna wa masu sa kai yadda za su riƙe kowane yaro.

WANE IRIN DOKI?

Yawancin dawakin hawan sallah ingarmu ne. An hore su da ƙaimi da linzami mai zafi, sun saba da sukuwa da zamiya. Irin wannan doki komai kyansa bai dace da aikin nan ba. Wanda ake so shi ne doki mai shekaru, mai sanyin hali, wanda ba ya harbi, ba ya cizo, ba ya tutsu. Goɗiya mai haƙuri ko dandaƙaƙƙen doki sun fi. Kada ya cika tsawo, domin masu tafiya a gefe su iya kai hannu ga yaro. Kada ya zama yana ɗingishi, kada kuma bayansa ya zama da miki.

Kafin a ɗora yaro mai naƙasa, a gwada dokin na makonni. A yi ihu kusa da shi, a wuce da keken guragu ta gabansa, mutum biyu su yi tafiya manne da shi. In ya firgita, a nemi wani.

AIKIN MUTUM UKU

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro ɗaya a kan doki yana bukatar mutum uku a ƙasa.

Na farko shi ne mai jan doki. Yana riƙe da ragama, yana tafiya daidai kan doki. Idonsa na kan doki da hanya, ba kan yaro ba. Wannan aiki na wanda ya san doki ne, kamar masu kula da barga.

Sauran biyun su ne masu tafiya a gefe, ɗaya dama, ɗaya hagu. Kowannensu yana tafiya daidai gwiwar yaro, ya ɗora hannunsa a kan cinyar yaron ba tare da ya danne ba. Idonsu na kan yaro. In ya fara zamewa su taimake shi ya gyara. In doki ya firgita, ɗaya daga cikinsu, wanda aka zaɓa tun farko, shi zai rungume yaro ya sauke shi. Wannan aiki ba ya bukatar sanin doki. Ƙarfin tafiya da haƙuri kawai yake so. Manomi zai iya, tela zai iya, ɗalibi zai iya. In yarinya ce za ta hau, mata ne za su tsaya mata a gefe, yayarta ko gwaggonta.

Akwai kuma aiki na huɗu, na mai rubutu. A sami littafi. A rubuta sunan yaro, da ranar da ya hau, da mintin da ya yi, da abin da ya iya. Misali: yau ya saki hannu ɗaya, yau ya ɗaga kai har aka kewaya fili. Littafin nan shi za a nuna wa likita. Duk wanda ya iya rubuta suna da lamba zai iya riƙe shi.

YADDA AKE YI

A zaɓi fili shimfiɗaɗɗe mai yashi, nesa da hanyar babura da kasuwa. A yi da safe ko bayan la'asar. A cire likkafa don kada ƙafar yaro ta maƙale. A shimfiɗa bargo mai kauri a bayan doki, a ɗaure shi da majayi sosai. A sa wa yaro hular kariya mara nauyi daidai kansa, domin hular kwano ta masu babur ta yi wa wuyansa nauyi. A ɗora shi daga kan dakali, kada a cilla shi sama. Kada a taɓa ɗaure yaro a jikin doki.

Ranar farko ba dole ne ya hau ba. Ya shafa wuyan doki, ya miƙa masa harawa, su saba. In ya yi kuka kada a tilasta masa. Sannu ba ta hana zuwa. In ya fara hawa, minti 10 ya isa. A riƙa ƙarawa har zuwa minti 30, sau ɗaya ko biyu a mako. Tafiya kawai za a yi, ba sukuwa.

A bar yaro ya ba da umarni da bakinsa. Mai jan doki ya tsaya ya ce, "To, ɗan Baba, gaya masa ya tafi." Kada a motsa sai yaro ya yi magana ko ya yi alama. Ta haka zai gane cewa maganarsa tana da amfani.

MAI SON SHIGA

Ƙungiyar taimakon kai da kai ita ta fi dacewa ta ɗauki wannan aiki. Da farko ta je wurin mai unguwa da dagaci, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ake so a yi wa yara, a sa albarka, a kuma yi wa masu dawaki magana." Sannan ta bi gida gida, da taimakon mata, ta san yawan yaran. Ta fara da yaro biyu ko uku. Ta haɗa ɗan abin da za a sayi dusa da harawa da kanwa, don kada nauyin ya faɗa wa mai doki shi kaɗai.

Shi kuma mai sa kai, abu uku ake nema a wurinsa. Ya cika alkawari, domin in mutum ɗaya bai zo ba, yaro ba zai hau ba, alhali ya kwana yana ɗoki. Ya riƙe sirrin gidan mutane. Ya kuma kira yaro da sunansa, ba gurgu ba, ba musaki ba.

A watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Amma doka ba za ta shiga zaure ta ɗauko yaro ba. Maƙwabci ne zai yi wannan. Yaron da ya iya zama da kansa zai iya zama a aji. Wanda kuwa ya zauna a aji, da wuya ya ƙare a bakin titi da ƙoƙon bara.

Jama'a, ga doki a turke, ga fili, ga yara. Saura mutum uku. Duk mai awa ɗaya a mako da zai iya bayarwa, ya kai sunansa ga sakataren ƙungiyarsu. Allah ya ba da ikon yi.