Farfesancin Pantami da wayar tsohuwarmu a Dumega

Yau zancen Isa Ali Pantami za mu yi, mutumin Gombe. Yawancinmu da wa'azi muka san shi, amma malamin kwamfuta ne. Ya koyar a jami'ar ATBU ta Bauci, ya shugabanci hukumar NITDA daga 2016, ya zama ministan sadarwa na Najeriya a 2019. A 2021 jami'ar fasaha ta Owerri ta ba shi farfesa kan tsaron intanet, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta ce sam, ai yana kan kujerar minista. Aka yi ta cacar baki.

Ni dai ba muƙamin ne ya dame ni ba. Littafinsa na 2022, Skills Rather Than Just Degrees, da Ingilishi ya rubuta shi. To tsohuwarmu ta Dumega fa, wadda ɗanta ke aiko wa kuɗi daga Legas, ko boko ba ta yi ba? Wa zai gaya mata kada ta ba baƙuwar murya lambar sirrin da ta shigo wayarta, ko da an ce daga ofis ne? Ku da kuka yi lakkwal, ku naɗi saƙon murya da Hausa, minti ɗaya, ku tura rukunin WhatsApp na garinku kafin ranar kasuwa.