Zangon Komawa da Cikar Rumbun Kwamfuta



Zancenmu na yau ya shafi wata larura da ke damun ɗalibai da ma'aikata da masu shagon buga takardu, waɗanda galibinsu kwamfuta ta hannu suke saya, mai ƙaramin rumbu na gigabait 128 ko 256, inda mutum zai wayi gari ya tarar layin da ke nuna cikar faifan C ya yi ja, alhali kuwa ya share finafinai, ya kwashe hotuna, har ya sadaukar da abin da yake so, amma wuri bai samu ba. Sau da yawa kayan da suka cika rumbun suna can cikin wata ɓoyayyiyar jaka mai suna System Volume Information, wadda ba a nuna wa mai na'ura ita.

Asalin al'amarin kuwa hikima ce. Tun shekarar 2000, da kamfanin Microsoft ya fitar da Windows Me, aka sanya wa na'ura dabarar rubuta halin da take ciki kafin a girka mata sabuwar manhaja ko a sabunta ta, domin in sabon abin ya zo da fitina a mayar da ita yadda take jiya. Ni ina kiran wannan zango, don kuwa kamar yadda fataken da suka ɓace hanya sukan koma inda suka kwana su sake ɗaukar tafarki, haka na'ura take komawa. Sai dai kowane zango yana da nauyinsa, in suka taru kuma sukan cinye gigabait masu yawa.

To, wanda ya yi niyyar ragewa, akwai sharaɗin da nake roƙonsa ya kiyaye: kada ya share komai sai ya tabbata na'urarsa lafiya lau take, ta yi kwanaki ba ta sanƙare ba, ba ta mutu da kanta ba, firinta da sauti da intanet duk suna aiki, domin in da wata cuta a jikinta, mai yiwuwa ne maganinta yana cikin tsohon zangon nan da ake shirin rushewa, abin da aka share a nan kuwa ba ya zuwa kwandon shara balle a ce za a ɗauko shi.

Hanyar da na fi so, saboda matsakaiciya ce, ita ce mutum ya buɗe Disk Cleanup, ya danna inda aka rubuta Clean up system files, ya shiga More Options, sa'an nan ya danna Clean up na ƙasa. Wannan zai kawar da dukkan tsofaffin zanguna ya bar na ƙarshe. Ɗaya hanyar tana cikin System Protection, ƙarƙashin Configure, inda Delete ke share su baki ɗaya. Wanda ya bi ta nan, wajibi ne ya danna Create nan take ya kafa sabo kafin ya tashi daga mazauninsa. A wannan wuri kuma akwai ma'aunin da ake ja don ƙayyade rabon zanguna a cikin rumbu. A ganina kashi 5 cikin 100 ya wadatar da ƙaramar na'ura, wato wajen gigabait 6 a rumbu mai 128, in rabon ya cika kuma, Windows da kanta za ta riƙa zubar da mafi tsufa.

Abin da ba na so shi ne a kashe kariyar ɗungurungum, kamar yadda wasu ke ba da shawara. Mu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ana tsakiyar sabuntawa, ga batiri ya tsufa, mun fi kowa buƙatarta.

Saura wata fahimta da ta halakar da aikin mutane da yawa, wato zaton cewa zango yana tsare takardu. Komawa zango yana gyara manhajoji da saitin na'ura ne kurum, ba ya dawo da kundin binciken da ɗalibi ya goge bisa kuskure. Kuma tun da a faifai ɗaya suke zaune da sauran kaya, ranar da faifan ya lalace tare suke tafiya. Har ma cutar kwamfuta mai suna WannaCry, wadda ta addabi asibitocin Ingila a 2017, an shirya ta ne yadda za ta goge irin waɗannan kwafi don kada mai na'ura ya sami mafita. Saboda haka duk takardar da rashinta zai hana ka barci, kwafe ta a filash ko wani faifai na daban, ka ajiye shi a aljihun tebur.