Tsarkin Gilashi da Halin Haske: Yadda Aka Kai Ga Zaren Sadarwa



Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, harkar banki ta cije wa jama'a. Abin da ke cikin waɗannan wayoyi zaren gilashi ne mai kaurin mikromita 125, kusan kaurin gashin kai, haske kuma yana bin wata 'yar cibiya a tsakiyarsa wadda ba ta kai mikromita 10 ba. Abin da nake so in nuna yau shi ne, wannan zare ba aikin fanni ɗaya ba ne. Sai da masanin haske da masanin sinadarai da injiniyan sarrafa kayan ƙira suka yi ta miƙa wa juna matsala har tsawon shekaru kafin ya samu.

Dabarar tsare haske tsohuwa ce. Idan aka kewaye cibiyar da wani gilashin da haske ya fi sauri a cikinsa, hasken da ya doki iyakar a karkace sai ya komo ciki. Matsalar ita ce nisa. A farkon shekarun 1960, gilashin da ake da shi yana cinye kimanin desibel 1,000 a kowace kilomita. Ma'ana, kafin haske ya yi mita 20, kashi ɗaya cikin ɗari kawai ya rage. Injiniyoyi da yawa suka ɗauka haka Allah ya yi gilashi, suka juya ga wasu hanyoyi.

A 1966, Charles Kao, haifaffen Shanghai, da abokin aikinsa George Hockham, a ɗakin bincike na STL da ke Harlow a Ingila, suka ce ruwa ba ya tsami banza. Laifin ba na gilashin ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, musamman ɓurɓushin ƙarfe. Suka lissafa cewa in aka sauko da asarar zuwa desibel 20 a kilomita, zare zai iya ɗaukar saƙo. Da wannan magana matsalar ta tashi daga hannun masana haske ta koma hannun masana sinadarai. A 1970, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz na kamfanin Corning a Amurka suka kai desibel 17. A 1979, masu bincike na NTT a Japan suka kai desibel 0.2, wato sai haske ya yi kilomita 100 kafin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin ɗari.

Yaya aka yi wannan tsarki? Ba yashi aka wanke aka narkar ba. Mu duba hanyar da John MacChesney da abokan aikinsa suka fito da ita a ɗakunan bincike na Bell a 1974. Ana farawa da wani ruwa, haɗin silikon da kulorin, wanda yake tafasa a wajen digiri 57. Saboda saurin zama tururi, sai ya tashi ya bar dattin ƙarfe a cikin kwalba. A tura tururin tare da iskar oksijin cikin wani bututun gilashi da ke juyawa a kan inji, harshen wuta yana bin bututun daga wannan kai zuwa wancan. Inda zafi ya sauka, sai farin gari mai laushi ya fito ya kwanta a jikin bututun, wutar ta biyo ta kansa ta narkar da shi ya zama garau. Haka za a yi ta yi, shimfiɗa bisa shimfiɗa, ana ƙara sinadarin jamaniyom a shimfiɗun da za su zama cibiya. Daga ƙarshe a ƙara wuta bututun ya haɗe ya zama sanda. Sandar nan ake hawa da ita saman hasumiya, a gasa bakinta a zafin da ya kai wajen digiri 2,000, wani ɗigo ya zubo yana jan siririn zare a bayansa, a kama zaren, a shafe shi da roba tun ƙura ba ta taɓa shi ba, a naɗe. Ko ɗan danshin da ya maƙale cikin gilashin yana shan haske, don haka shi ma sai an kore shi.

Da gilashi ya tsarkaka, sai wani hali nasa da datti ya daɗe yana rufewa ya bayyana. Tun 1875 John Kerr, mutumin Sikotlan, ya gano cewa ƙarfin lantarki yana canza yadda haske ke ratsa abu. Shi haske kansa yana ɗauke da irin wannan ƙarfi, saboda haka idan ya yi tsanani, yakan canza gilashin da yake bi, gilashin kuma ya canza shi. A tagar ɗaki ba wanda zai lura da haka. Amma a matse hasken leza a cibiyar da ba ta kai mikromita 10 ba, a bar shi ya yi ɗaruruwan kilomita, ƙaramin canjin nan sai ya taru ya zama babba. A nan ne lissafin "ninka abin da ka zuba, ka samu ninkin abin da ya fito" yake rushewa, kuma wannan shi ne fagen binciken da muke magana a kai.

Saƙo a cikin zare gajerun walƙiya ne bi da bi. Kowace walƙiya tana ƙunshe da launuka makusanta, kuma gudunsu ba ɗaya ba ne, kamar ayarin fatake da masu sauri suka yi gaba, masu nauyin kaya suka yi baya, har ayari ya shiga cikin na gabansa. In walƙiya ta baje haka, saƙo ya rikice. A 1973, Akira Hasegawa da Fred Tappert suka nuna a lissafi cewa halin nan na Kerr zai iya gyara ɓarnar. Yana karkata gaban walƙiya zuwa launin da ya fi nawa, bayanta kuma zuwa launin da ya fi sauri, sai na gaba su dakata, na baya su cim musu. In ƙarfin biyu suka yi daidai, walƙiya za ta yi tafiya ba tare da ta baje ba. Ita ake kira soliton. An taɓa ganin irinta a ruwa: a 1834 John Scott Russell ya bi wata taguwa tilo a kan doki, a wata mashigar jiragen ruwa kusa da Edinbara, tana tafiya siffarta ba ta lalace ba. Amma a zare, sai 1980 Linn Mollenauer da Roger Stolen da James Gordon suka gan ta. Shekara bakwai lissafi yana jiran a samu gilashi mai tsabta da leza da ta dace.

A 1987 sinadarai suka sake kawo mafita, wannan karo ga raunin da haske ke yi a doguwar tafiya. Rukunin David Payne a Jami'ar Sawuthamton, da rukunin Emmanuel Desurvire a Bell, suka nuna cewa in aka zuba ɗan sinadarin arbiyom a cibiyar zare, zai ƙara wa hasken saƙo ƙarfi kai tsaye, ba sai an mayar da shi lantarki ba. Hakan ya buɗe ƙofar tura launuka da yawa a zare ɗaya, kowane launi da saƙonsa. Wannan hanya ce ta mamaye kasuwa, soliton bai zama ginshiƙin sadarwa yadda aka yi fata ba. Yau ma halin Kerr ne ke sa launukan su dami juna in an cika ƙarfi, shi ne babban shingen yawan saƙon da zare zai ɗauka.

Amma binciken bai tafi a banza ba. A 1996 rukunin Philip Russell ya ƙera zare mai jerin ƙananan ramukan iska a kewayen cibiyarsa, wanda ke ƙara matse haske. Da aka harba gajeriyar walƙiya cikin irin wannan zare, sai ta fito da launuka tun daga shuɗi har bayan ja inda ido ba ya gani. Wannan ya taimaka wa aikin auna haske da lokaci wanda ya kai John Hall da Theodor Hänsch ga kyautar Nobel a 2005, kuma ana amfani da irin hasken wajen gano sinadarai da ɗaukar hoton cikin tsoka. Yanzu kuma ana ƙera zaren da cibiyarsa fanko ce, domin haske ya bi iska, ya fi sauri, ya kuma tsira daga yawancin tasirin gilashi.

Ya ku malamai da masu riƙe da kuɗin bincike, mu dubi lissafin shekarun. Daga takardar Kao ta 1966 zuwa TAT-8, wayar gilashi ta farko da ta ratsa tekun Atlantika a 1988, shekara 22 ne. Kyautar Nobel kuwa ba ta zo wa Kao ba sai 2009. Wanda ya ce sai bincike ya kawo riba cikin shekara biyu, da ya rufe wannan aiki tun yana jariri. Haka kuma kowace nasara a tarihin nan ta zo ne lokacin da wani ya ɗauki matsalarsa ya kai sashen da ba nasa ba. Saboda haka ina roƙon jami'o'inmu abu biyu: a bai wa bincike wa'adin da ya dace da shi, a kuma bar ɗalibin sinadarai ya yi aikin digirinsa tare da ɗalibin injiniya, a ƙarƙashin malamai daga sassan biyu, da na'urorin da duka za su yi tarayya a kai.