Bayanin Kwamitin Kuɗi Kan Kibiyar Da Ta Ɓace Hanya

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya da sauran 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan, muna yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ya halarci taron watan jiya ya ga abin da ya faru. An haska zanen tafiyar kuɗin ƙungiya a bango da majigi, sai ga kibiyar da ta fito daga akwatin ma'aji ta kauce wa banki ta nufi akwatin shugaba. Nan take ɗaki ya ɗauki guna-guni, har wani dattijo ya ɗauki takalminsa ya fita. Wallahi ko kwabo bai bi ta can ba. Rasit na nan, takardun banki na nan. Laifin namu ne, mu 'yan kwamitin da muka zauna da yaronmu muka yi zanen a PowerPoint, shi ya sa muka roƙi a ba mu 'yan mintoci.

Ga yadda aka yi. Mun jera akwatuna biyar: ɗan ƙungiya, mai karɓar kuɗi, ma'aji, banki, shugaba. Muka ja layuka tsakaninsu da ido kawai, da kan layi ya taɓa akwati sai mu ce ya yi. Daren taro aka ce a ƙara akwatin mai binciken kuɗi, muka matsar da sauran don a sami wuri. Akwatuna suka tashi, layuka suka tsaya inda suke, ba wanda ya sake dubawa.

Mu 'yan kasuwa ai mun san wannan. Igiyar da aka ɗora a kan buhunan albasa daban, wadda aka ɗaure a ƙugiyar mota daban. A tasha duk ɗaya suke a ido, sai an faɗa ramukan hanyar Jebba ake ganewa.

To, ashe shi ma PowerPoint yana da ƙugiya. In ka zaɓi layi daga cikin siffofi ka kai linzami kan akwati, wasu 'yan ɗigo za su bayyana a gefensa. Guda huɗu ne a jikin mai kusurwa huɗu: sama, ƙasa, dama da hagu. Daga kan ɗigo za ka fara ja, ka saki a kan ɗigon akwati na biyu. In ya kama, kan layin zai zama kore; a tsohon bugu irin na 2010 ja yake zama. In ka ga fari bai kama ba, komai kyan da ya yi. Gwajin kuwa ba wuya, ja akwatin gefe guda. In layi ya bi shi, ya ɗauru ke nan.

Layukan da ke ɗauruwa iri uku ne, akwai miƙaƙƙe, da mai gwiwa, da mai lanƙwasa kamar baka. Mu mai gwiwa muka fi so, don ana iya zagaye akwati da shi, kuma yana da ɗigo rawaya da ake ja a matsar da gwiwar. Mai lanƙwasa dai ado ne, a lissafin kuɗi ba mu ga amfaninsa ba.

Abu ɗaya kuma da ya kusa sake kā da mu: inda muka sa tambayar "kwamiti ya amince?" hanya biyu ce ke fita, an rubuta "i" a ɗaya, "a'a" a ɗaya. Wannan rubutu ba a jikin layi yake ba, zaman kansa yake yi. Layi zai bi akwati ya bar rubutu a baya, sai "a'a" ta koma kan hanyar fitar da kuɗi. Dole a bi shi da hannu a mayar.

Mun je gida mun ba shugaba haƙuri, ya ce ya yafe, Allah ya saka masa. Muna roƙon waɗanda ke kusa da dattijon nan su isar masa da wannan bayani. Sabon zane na cikin kwamfutar sakatare. Bayan La'asar za a haska shi, duk mai so ya zo ya ja akwatin ma'aji da hannunsa ya ga inda kibiyar za ta tsaya.