Haƙƙin Ɗan Makiyayi a Kan Makaranta

 

An nemi in yi magana a kan giɓin ilimi da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da 'ya'yan marasa galihu. Batun yana da faɗi, kuma wanda ya ce sai ya kewaye shi duka a zama ɗaya zai tashi bai kama komai ba. Saboda haka zan tsaya a kan yaro guda, wato ɗan makiyayi, wanda aka haifa a ruga. Na zaɓe shi ne domin kusan duk abin da ke hana ɗan talaka karatu ya taru a kansa: nisa, harshe, aikin gida, rashin malami, ga kuma rashin tsaro da ya zo daga baya.

Kun sha jin alƙaluma. A baya asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. A 2022 hukumar UNESCO ta kai adadin kusan miliyan 20, da ta haɗa da waɗanda suka isa shiga sakandare. An yi ta musu a kan wanne ne daidai. Ni abin da ya fi damuna shi ne jimla irin wannan tana ɓoye su wane ne yaran, kuma me ya hana kowannensu. Abin da ya tsare yarinya mai talla a Fagge daban yake da abin da ya tsare ɗan masunci a bakin Tafkin Chadi, kuma dukansu biyu ba su yi kama da na ɗan ruga ba.

In ka tambayi mutumin gari dalili, amsarsa a shirye take: ai Fulanin daji ba sa son boko. Ina roƙonku mu ajiye wannan amsa, mu dubi yinin yaron tukuna.

Da asuba ana tatsa. Hantsi na ɗagawa sai a saki shanu, kuma yaro ɗan shekara takwas ko tara ya riga ya isa bin maruƙa da tumaki. Ba zai dawo ba sai la'asar sakaliya. Ƙanwarsa kuwa tana bayan uwarta da ƙwaryar nono, sun nufi kasuwar ƙauye, domin daga wannan ƙwarya ake samun kuɗin gishiri da hatsi da sabulu. Makarantar gwamnati tana buɗewa ƙarfe takwas, ta tashi da azahar, daidai sa'o'in da gidan ba zai iya sakin ɗansa ba. Haka ma shekarar karatu. Ana komawa a watan Satumba, lokacin da garke yake kusa da gida. Da an gama girbi, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, sai a tashi neman fadama da ruwa. Yaron da aka rubuta sunansa a zango na farko ba za a sake ganinsa ba sai ruwan farko ya sauka, a lokacin kuwa 'yan ajinsu sun yi nisa, jarrabawa ta ƙarato. Ya faɗi, a maimaita masa aji, shekara ta zagayo a sake yin haka, har uban ya yanke cewa wannan abu ɓata lokaci ne. Wa zai ce uban ya yi ƙarya?

Sai harshe. A gida Fulfulde yake ji. Malamin da aka turo Hausa yake yi. Littafin da ke hannun malamin da Turanci aka rubuta shi. Yaro mai shekara shida ana so ya haye harsuna biyu kafin ya taɓa karatun kansa. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshensa ko harshen yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ya nuna cewa waɗanda suka fara da harshen gida ba a bar su a baya ba, ko a Turancin ma. Mun san wannan shekaru da yawa. Ɗan ruga ne dai sanin bai amfana ba.

Wannan rashin daidaito ba jiya ya fara ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, ta fi mayar da hankali ga 'ya'yan sarakuna da malamai, domin gwamnatin mulkin mallaka ma'aikata take nema. Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920. A duk wannan zamani makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya, kuma jangalin nan kaso ne mai tsoka a baitulmalin En'e. Da kuɗinsa aka taimaka wajen gina azuzuwa a birane da manyan garuruwa, shi kuwa bai ga komai ba sai mai karɓar haraji. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, an baza makarantu cikin ƙauyuka, kuma wannan babban aiki ne. Amma an tsara shi ne a kan mutumin da yake kwana wuri guda shekara duka.

Abin mamaki, ƙasar nan ta taɓa sanin hanyar da ta fi wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci matsala irin tamu: matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zauna a gabanta ba. Ba ta ce sun ƙi ilimi ba. Ta zaɓi dattijan mata daga cikinsu, ta karantar da su, ta naɗa su jaji, ta ba su malfa alamar izini, suka riƙa kai karatu garuruwansu. Ta rubuta darussanta da Fulfulde da Hausa da Larabci, kowa da harshen da zai fahimta. 'Yan Taru ke nan. Malama daga cikin jama'ar, harshen jama'ar, lokacin da jama'ar za su iya. Ban ga wani abu da masana tsarin ilimi na yau suka ƙara a kan waɗannan ba.

Ya kamata mu yaba wa waɗanda suka farfaɗo da wannan tunani a zamaninmu. A lokacin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi aka ɗauki shirin ilimin makiyaya da gaske, har Doka mai lamba 41 ta 1989 ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna. An raba aikin bincike da tsara manhaja da horar da malamai tsakanin jami'o'in Jos da Sakkwato da Maiduguri, daga baya jami'ar Fatakwal ta ɗauki ɓangaren 'ya'yan masunta. An rubuta littattafai da Fulfulde. An yi azuzuwan da ake naɗewa a ɗauka. An yi amfani da rediyo, wanda kowa ya san ba ya rabuwa da kafaɗar makiyayi. Akwai likitocin dabbobi da malaman makaranta da ma'aikatan jinya a yau waɗanda a irin waɗannan azuzuwa suka fara riƙe fensir.

To ina aka yi tuntuɓe? A kan malami. Hukumar da ke Kaduna tana tsara manufa, ta buga littafi, wani lokaci ta yi gini. Amma ɗaukar malami da tura shi da biyan albashinsa aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. A nan ne ake rarrabewa tsakanin masu galihu da marasa shi. Malamin da yake da uwa a gindin murhu yana zama a makarantar cikin gari, inda za ka samu malamai sun fi azuzuwa yawa. Wanda ba shi da kowa, ko wanda ake son hukuntawa, shi ake turawa ruga. Ba ya jin Fulfulde, babu ɗakin kwana, kuɗin babur yana cinye albashinsa. Zai zo Litinin, ya zo Alhamis, sauran kwanakin yana sakatariya yana neman a canza masa wuri. Ba na zaginsa. Da yawanmu da ke zaune a ɗakin nan abin da za mu yi ke nan. Amma sakamakon shi ne makaranta tana nan a cikin rajista, da sunanta da lambarta, yara kuwa suna zuwa su tarar da ƙofa a rufe.

Akwai ƙasar da ta warware wannan ƙulli. A Iran, a shekarun 1950, wani ɗan ƙabilar Ƙashƙa'i mai suna Muhammad Bahmanbegi ya fara makarantun tanti ga makiyayan kudancin ƙasar. Ya gwada malaman birni, ba su zauna ba. Sai ya riƙa ɗibar samari, daga baya har da 'yan mata, daga cikin ƙabilun kansu, waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba, a horar da su a wata makaranta ta musamman a Shiraz, su koma cikin danginsu. In an tashi, malami ya naɗe farin tantinsa ya bi ayari, domin shi ma iyalinsa suna ciki. Ɗaliban waɗannan tantuna sun shiga jami'o'i.

Me zai hana mu? Za a ce doka ta sa takardar NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta, kuma na yarda bai kamata a sassauta wannan ba har abada. Amma muna da Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda aikinta shi ne horar da malami yana bakin aikinsa. A ɗauki ɗan ruga ko 'yar ruga da suka gama sakandare, a ba su horon farko, a sa su aji a cikin jama'arsu, su ci gaba da neman NCE a hutu. A ba arɗo da iyaye hurumin tsara sa'o'i: in karatun yamma ya fi, a yi na yamma; in damina ce lokacin da kowa yake gida, a cika karatu da damina, a yi dogon hutu da rani.

Zan ɗan karkata kaɗan, domin kuskuren ba a kan makiyaya kaɗai ake yinsa ba. A 2012 aka buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, kuma gwamnatin tarayya ta gina irinta sama da 150. Da yawa daga cikinsu sun koma kango cikin 'yan shekaru, domin an miƙa wa jihohi gini ba tare da an tabbatar da wanda zai biya malami ya ciyar da yaro ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin farko, amma kason da jihohi ke karɓa yawanci gini da kujeru yake tafiya, kuma biliyoyin naira sukan kwanta a asusun hukumar UBE saboda wasu jihohi ba su kawo nasu rabin ba. Gini yana da kwangila, yana da ranar buɗewa, ana ɗaukar hotonsa. Alawus ɗin malamin daji ba shi da ko ɗaya. Wannan shi ya sa muke da bango da yawa da karatu kaɗan.

Dole mu amince cewa ɗan ruga zai fi ɗan birni tsada. Ajinsa ba zai cika ba, malaminsa yana buƙatar ƙarin alawus da wurin kwana, kuma in iyaye za su tafi da garke su bar shi a makaranta, sai an ciyar da shi. Maƙwabtanmu a Nijar sun daɗe da makarantu masu ɗakin abinci a yankunan makiyaya saboda wannan dalili. Wanda ya ce a raba kuɗi daidai da yawan kawuna, ya sani cewa da wannan rabo wanda ke gaba zai ci gaba da zama a gaba.

Sannan makaranta ba ta tsayawa inda ruga ba ta tsaya ba. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe filaye, amma da yawansu an nome su, burtali ya toshe, mashaya ta zama gona. A inda aka bar makiyayi ya zauna, kamar Ladduga a yankin Kachiya, makarantu sun kafu, kuma iyaye da kansu suke neman ƙari. Wannan kaɗai ya isa ya ƙaryata zancen cewa ba sa so.

Ba zan tashi ban taɓa maganar tsaro ba. Satar ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 ta sa an rufe makarantun kwana da dama, waɗanda su ne hanyar yaran karkara da yawa zuwa sakandare. Babu wani uzuri ga mai satar yara, kuma makiyaya da yawa su ma an sace musu shanu, an kashe musu 'yan'uwa. Amma yaron da aka raba da garken ubansa, bai iya karatu ba, bai iya sana'a ba, bai taɓa ganin amfanin hukuma ba, yana da sauƙin ja ga mai bindiga. Dokar 2004 ta wajabta wa iyaye kai 'ya'yansu makaranta, har da hukunci ga wanda ya ƙi. Ina goyon bayan hakan, kuma ina kira ga shugabannin makiyaya da ke nan su daina cire 'yan mata daga aji huɗu ko biyar. Sai dai hukuma ba ta da bakin hukunta uba alhali ita ba ta kai masa malami ba.

Roƙona ga sakatarorin ilimi da jami'an hukumar ilimin farko ta jiha (SUBEB) da ke cikinmu shi ne, kafin zangon karatu mai zuwa, ku fito da jerin makarantun makiyaya na yankunanku, ku rubuta malamai nawa ne a kowace, nawa ne suke jin Fulfulde, nawa ne suke kwana a wurin, ku miƙa wa shugabannin ƙananan hukumominku da sarakuna. Ku kuma malaman tsangayar ilimi, ku tura ɗalibanku aikin koyarwa na gwaji zuwa ruga, kada ku tsaya a makarantun da ke bayan katangar jami'a. Ɗalibanmu 'ya'yan makiyaya da Allah Ya kawo har wannan matsayi, ƙannenku suna jiranku, kuma babu wanda zai koyar da su kamar ku.