Yadda Na'urar Rarraba Intanet Take Sanin Lokaci



Batun wannan lacca shi ne ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke rarraba intanet a gidaje, wanda ake kira rauta. Galibin waɗannan na'urori ba su da batirin da zai riƙe musu agogo. Da zarar an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, sai lissafi ya ɓace musu. In wuta ta dawo, wata takan farka tana zaton ranar 1 ga Janairu, 1970 ce, domin daga wannan rana ne kwamfutoci da yawa suke fara ƙirga.

Mai sauraro zai ce, to, mene ne a ciki? Akwai abu. Na'urar da ta ɓata lokaci takan ƙi amincewa da takardun shaidar tsaro, waɗanda ke ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, har ta kasa sauko da gyaran manhajarta. Uban da ya tsara a yanke wa yara intanet da ƙarfe goma na dare sai ya tarar an yanke da hantsi. In kuma ɓarawo ya kutsa, rajistar da za a bi sawunsa ba ta da amfani.

Saboda haka dole na'urar ta tambaya. Hanyar tambayar ita ce NTP, wadda David Mills, wanda ya koyar a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya tsara, aka wallafa a 1985. A can ƙoli akwai agogon ƙwayar zarra, wanda tun 1967 aka ƙayyade sakan ɗaya da kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin siziyam. Kwamfutocin da ke haɗe da shi kai tsaye su ne hawa na ɗaya, masu karɓa daga gare su hawa na biyu, haka har a iso gida.

Hikimar tana wajen lissafin tafiya, domin kuwa kafin amsa ta iso, lokacin ya riga ya wuce. Na'ura takan rubuta sa'ar da ta aika da tambaya da sa'ar da amsa ta dawo. Mai amsawa kuma ya rubuta sa'ar karɓa da ta mayarwa. Sai a cire jinkirin mai amsawa, a raba saura biyu, bisa zaton zuwa da dawowa daidai suke.

Amma fa tambaya tana da ladabi. A 2003 Jami'ar Wisconsin ta ga saƙonni suna kwararo mata kamar ruwan Agusta. Da aka bincika, ashe kamfanin Netgear ne ya dasa adireshin kwamfutar lokaci ta jami'ar cikin na'urori fiye da 700,000, ko wace kuwa in ba ta ji amsa ba sai ta sake tambaya kowane sakan. Wannan ganganci ne na masu ƙira, ba laifin masu saye ba. Daga bisani kamfanin ya ba jami'ar dala 375,000.

Abin da ya rage ga mai gida kaɗan ne. Ya buɗe shafin saitin na'urarsa, ya sa adireshin pool.ntp.org, wato gungun kwamfutocin sa-kai da ke raba nauyin a tsakaninsu. Sa'an nan ya zaɓi shiyyar lokaci, domin NTP lokacin duniya na UTC kaɗai yake bayarwa, Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya.